Ranar da Dodo Ya Yi Shelar Turaren Barira

Barira ta unguwar Kara-Kara turaren wuta take haɗawa, irin wanda kakarta Babarbariya ta koya mata: kajiji da hawi da farce, a soya da sukari, a shayar da su humra, a toshe a kwalba sai sun yi wata biyu. In kika tsuguna kansa da safe, har ki je kasuwa ki dawo zanenki bai daina magana ba. Abu ɗaya ne ya ɓata lamarin. Ban da ita da akuyarta, kusan ba wanda ya san da shi a Damagaram.

Ga kuma ɗanta na fari, Mahamud, mai noma a garin Droum. Tun da ubansa ya rasu ya sa ta gaba, wai ta rufe gida ta koma wurinsa.

"Inna, sana'ar da ba mai saye ai hayaƙi ce kawai. In ruwan farko ya sauka kwalaben nan suna nan, zan kawo amalanke in kwashe ki."

Barira ta ci gaba da jera kwalabenta. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, mutumin Droum take ce masa. Amma a ranta ta ce gidan da ta dasa itacen bedi da hannunta, ba jakin da zai fitar da ita.

Ta fara zuwa wurin Mushe Inusa, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko. Ya rubuta mata talla da Faransanci, ya zana kasko da hayaƙi a ƙasa, aka yi fotokofi, aka raba a gari. Bayan kwana biyu ta je sayen ƙosai, aka naɗo mata shi cikin tallarta. Da kaskon ta gane.

Sai ta tuna da Dodo. Dodo tsoho ne mai keke da amsa-kuwwa ɗaure a kai, shi ke zagaya gari yana sanar da rasuwa. In ya yi gyaran murya, ko mai daka sai ta tsai da taɓarya a sama. Ta same shi yana hura tayar keke.

"Malam Dodo, kai kaɗai ne in ka buɗe baki garin nan ke yin shiru."

"Gwaggo, ni fa shekara talatin ban faɗi komi ba sai rasuwa."

"To ran Alhamis ka faɗi abu mai ƙamshi, bakinka ya huta. Ka ce kowa ya zo gidana ya shaƙi turare kyauta. Wanda ya shaƙa, ni na san sauran."

Dodo ya ji daɗi har ya cire hula ya mayar.

Ran Alhamis, ranar babbar kasuwa, Barira ta share gida ciki da waje. Ta ari tabarmin maƙwabciyarta Hauwa ta shimfiɗa ƙarƙashin bedi, ta jera butoci, ta cika randa, ta zuba garwashi a kasko biyar ta barbaɗa turare. Sannan ta shige ɗaka ta saki labule don ta yi kwalliya.

Shi kuwa Dodo, murya ɗaya Allah ya ba shi, kuma hanya ɗaya ya sani ta fara magana. Ya hau keke, ya yi gyaran murya.

"Assalamu alaikum jama'a. Ana sanar da ku... Barira 'yar Malam Sulaiman, matar marigayi Habibu mai ɗinki, ta nan Kara-Kara..."

Nan ya tsaya shan numfashi yadda ya saba. Salati ya rufe sauran. Maganar turare ya faɗe ta, Allah shaida ne ya faɗa, amma lokacin mata sun shiga neman mayafi, maza na neman takalmi.

Da suka iso me za su gani? Tabarmi a shimfiɗe, butoci a jere, hayaƙi na tashi, gida tsit. Hauwa ta ɗora hannu a ka.

"Da safen nan ta ari tabarmina! Ta ce mini, Hauwa, yau zan yi baƙi da yawa. Ashe ta ji a jikinta!"

Kuka ya ɓarke. Ba wadda ta taɓa labulen ɗaki, ana jiran tsohuwa Ramatu mai wankan gawa.

Barira na ciki tana fama da ɗaurin kallabi. Da ta ji hayaniya ta ce kai, Dodo ya iya aiki. Sai ta jiyo muryar Zuliha, ƙanwar mijinta, wadda ta taɓa cewa turaren nan warin ƙonannen wake yake.

"Wayyo Yaya! Kin tafi da hannunki mai albarka! Ku shaƙa, jama'a, ku shaƙa! Wa zai ƙara haɗa irin wannan daga nan har Tirmini?"

Barira ta gane. Hannunta har ya kai labule, sai ta janye shi, ta zauna bakin gado. Ba kowa ke samun jin irin wannan da kunnensa ba.

"Kullum ina cewa gobe zan zo in saya," in ji wata.

"Ni da na sani da kwalba uku zan ɗauka wa 'yata Ummul Khairi, bikinta ya kusa."

"Wannan ba turare ba ne, sai dai a ce addu'a."

Barira tana gyaɗa kai, tana gane kowace murya, tana ajiye ta.

Can sai ga ƙarar babur ɗin kabu-kabu. Mahamud ne. Ya kawo gyaɗa kasuwa, da kunnensa ya ji Dodo, ya bar buhunan nan a tsakar rana. Ya ratsa maza, ya faɗo tsakar gida, ya durƙusa a ƙofar ɗaki.

"Inna! Ni na dame ta! Kullum Droum, kullum Droum! Wallahi da Allah zai maido mini ita, ba zan ƙara ce mata ta bar gidan nan ba!"

Barira ta miƙe, ta gyara kallabi, ta ɗauki kaskon da ke ɗaka, ta yaye labule. Hayaƙi ya riga ta fitowa.

"Jama'a, kun dai ji shi."

Wayyo! Zuliha ta tsallake randa, abin da ba ta yi ba tun tana budurwa. Hauwa ta shige akurkin kaji, rabinta a waje. Mata uku suka maƙale a ƙofar zaure, kowace na cewa ɗayar ta matsa. Mazan waje ba su san abin da ya faru ba, amma da suka ga mata na gudu su ma suka bi, liman na riƙe da buta. Akuya ta tsinke igiya ta bi bayansu.

Ramatu mai wanka ce kaɗai ba ta motsa ba, shigowarta ke nan. Ta matso, ta mintsini Barira a hannu.

"Wash! Iya, mene ne haka?"

"Wannan da ranta. Nawa ba sa cewa wash." Ta leƙa waje. "Ku dawo, matsorata! Ke kuma Barira kin sa na baro tuwo a wuta."

Aka dawo ɗaya-ɗaya, ana leƙe. Wata ta fara dariya hawaye na kumatunta, shi ke nan gida ya kama. Masu kuka ɗazu suka zube kan tabarmi suna riƙe ciki. Ana cikin haka sai ga Dodo ya gama zagaye, yana ta washe baki.

"Gwaggo, kin ga jama'a? Ko sarkin fawa da ya rasu bai tara haka ba!"

Da takalmi aka raka shi har bakin hanya.

Barira ta fito da kwalabe a faranti, ta zauna tsakiya.

"To. Wadda ta ce gobe za ta zo, ga gobe ta yi. Uwar Ummul Khairi, uku kika ce. Zuliha, ƙanwata, daga nan har ina ma?"

"Haba Yaya, ai magana ce ta makoki."

"Au, sai na mutu yake ƙamshi?"

Zuliha ta ɗauki biyu. Kowace mace dama ta ƙullo kuɗin gaisuwar mutuwa a bakin zane, kuma da kunya a koma gida da shi. Kafin la'asar farantin ya koma wayam, har da masu cewa a sa su a haɗi na gaba.

Mahamud na gefe yana share ido da hula.

"Inna, ni fa cikin kuka na faɗi maganar nan."

Barira ba ta dube shi ba, ta juya wurin Ramatu.

"Iya, ce wa mutumin Droum da wallahi ya fara. Liman ma ya ji, kafin ya ruga."

Da ruwan farko ya sauka, amalanke ya zo daga Droum kamar yadda aka ce. Gawayi ya kawo, buhu biyu, da saƙon Mahamud wai a ajiye wa matarsa kwalba ɗaya.