Rariyar da Cha'ibu Ya Roƙa

Tanko magini ya riga ya farke buhun siminti ya juye a kan yashi, sai suka ji tari daga bakin zaure.

"Ku dakata," in ji Cha'ibu. "Kada ku zuba ruwa tukuna."

Hamisu ya ajiye bokitin da ke hannunsa. Cha'ibu maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba gidajensu, kuma kwana goma sha biyu ke nan ba a gan shi a masallaci ba. Ga shi yanzu ya dafa bango, rigar da a da take kama shi a kafaɗa ta zama kamar an rataye ta a ƙusa. Idanunsa sun yi rawaya.

"Malam Cha'ibu, me ya fito da kai cikin wannan rana? Da ka aiko an kira ni."

"Ƙarar shebur na ji. Daɓe za ku yi?"

"Daɓe za mu yi," in ji Tanko, bai ko ɗago ba. "In taya mu ka zo yi, ga shebur nan."

"Ina bututu?"

"Bututun me?"

"Na ruwa. Inda zai shigo da inda zai fita."

Tanko ya miƙe ya dafa ƙugu, ya yi dariya. "Wane ruwan? Rijiyar unguwa sai da aka ƙara igiya gaba uku kafin guga ya taɓo laka, kai kana maganar famfo. Nan Matameye ne fa, ba Kano ba."

Cha'ibu kuwa ya san abin da yake faɗa. Rani goma sha ɗaya ya yi yana zuwa Kano aikin famfo a gidajen sama. Da aka koro baƙi daga can, wasu suka sauko daga babbar mota da rediyo, wasu da katifa, shi kuwa da bututun roba guda uku ɗaure da igiya ya sauko. Unguwa ta daɗe tana yi masa tsiya a kan haka. Ya ce na banɗakin gidansa ne. Ya kafa turaku ya ja zare a tsakar gida, sai damina ta ƙi, sai ciwon ya zo. Har yau turakun suna nan.

Hamisu tela ne, mutum mai yawan tunani. Buhun siminti huɗun nan daga Daura ya shigo da su tun kafin a rufe iyaka, ya jera su a kan katako a ɗakinsa, kullum sai ya matsa su da yatsa ya ji ko sun fara daskarewa. Da niyyarsa sai shekara ta yi kyau. Amma ranar Talatar da ta wuce, itacen bakin tsohon masai, wanda gara ta cinye daga ciki, ya rufta da ƙafar ƴarsa Jamilatu har zuwa cinya. Shekararta shida. Tun ranar, in za ta zagaya, sai ya bar keken ɗinki ya tsaya mata a bakin ƙofa. Da buhu ɗaya Tanko ya rufe sabon rami, da ɗaya ya ɗaure bulo, saura biyun nan na daɓe. In aka ɓata su babu wasu.

Aka kawo wa Cha'ibu turmi aka kife, ya zauna. Ya karɓi wani kara ya fara zane a ƙasa.

"Na taɓa ganin gidan wani Alhaji a Kano," in ji shi, yana hutawa tsakanin magana. "An gama, an yi fenti, amarya na hanya. Sai aka tuna ba a binne bututu ba. Da guduma muka shiga. Kwana tara muna fasa abin da aka gina, mai gidan yana tsaye yana kallo kamar ana yanka masa sa. Ba na so ka ga irin wannan ranar."

Ya ja layi. "Masai da raminsa can a kusurwa, kada komai ya haɗa shi da wurin wanka. Nan jikin bango a tsayar da bututu ɗaya, a toshe bakinsa. Ranar da famfo ya zo unguwa, kai kawai za a ɗaura."

"Ranar da ya zo ni zan fara wanka, da sabulu mai ƙanshi," in ji Tanko.

"Daɓen kuma a karkata shi, yatsa biyu, ruwan wanka ya gangaro nan."

Karan ya tsaya a gindin katanga. Hamisu ya dubi wurin, ya dubi Cha'ibu.

"Nan ai gidanka ne."

"Na sani."

Hamisu ya sake duban katangar. A garin nan ba a sakin rariya cikin gidan maƙwabci. Bara waccan, gidaje biyu a bayan kasuwa sai da suka je gaban mai unguwa a kan ruwan wanka, har yau matansu ba sa gaisawa. Kuma wannan mutumin da ke zaune a kan turmi, kowa ya dube shi ya san inda ya dosa. In ya tafi, wa zai tuna cewa shi ya ce a yi? Za a ce tela ya ga gida babu namiji, ya juya dauɗarsa kan mace mai takaba.

"A'a, Malam Cha'ibu. Titi za mu fitar da shi, kamar kowa."

"Zogale bakwai matata Salamatu ta dasa a bayan katangar nan," in ji Cha'ibu a hankali. "Huɗu sun mutu. Ukun da suka rage su ne cefanen gidana. Jar dawar da soja ke rabawa, in ba ganyen nan ba, yara ba sa iya haɗiye ta. Ruwan da take samowa a rijiya kuwa ko na sha bai isa ba. Ku takwas ne a gidan nan. Ko da rabin bokiti kowa ya yi wanka, titi yake tafiya, awaki su tattake."

"To bari ka samu sauƙi, sai mu zauna mu—"

"Hamisu." Ya ɗago idanun nan masu rawaya. "Siminti ba ya jira. Ni ma dube ni."

Tanko ya daina dariya. Ya share hannu a wando ya ce, "Ni dai jibi ina Damagaram, na samu aikin sito. Buhu kuma na riga na farke. Yau ne, ko ta nan ko ta can."

Hamisu ya shiga ciki kamar zai ɗauko wani abu. Matarsa Hajara tana bakin murhu tana tankaɗe.

"Kin ji abin da yake so?"

"Na ji tun shekaranjiya, Baban Jamila. Ni da Salamatu mun gama maganar ta kan katanga. Kai ne muka rasa mai gaya maka, don mun san sai ka kwana uku kana juya ta."

"Mutane fa?"

"Mutanen ne za su ba ta miya?"

Hamisu ya juya. Da ya fito sai ya ce, "A kira liman."

Malam Rabi'u, limamin unguwa, ya zo da carbinsa a hannu. Cha'ibu ya yi ƙoƙarin miƙewa, liman ya dafa shi ya zauna.

"Malam, ka shaida, kai ma Tanko ka shaida. Ni na roƙi Hamisu ya saki ruwan wankan gidansa cikin gidana. Ya ƙi, na matsa masa. Duk wanda ya yi magana bayana, ku gaya masa haka."

"Na shaida," in ji liman. "Allah Ya ba ka lafiya."

"Amin. Ku ɗauko bututun, suna ƙarƙashin rumbu."

Har la'asar suna aiki. Hamisu ya huda gindin katanga da kansa. Cha'ibu ya sa aka kawo garwashi a kasko, yana gasa bakin bututu har ya yi laushi, ya cusa wani a ciki, bai kuskure ko sau ɗaya ba. Sau biyu yana sa Tanko ya tone ya sake kwantar da shi.

"Ya yi kwance da yawa. Ruwa zai tsaya ya yi wari."

"Kai da aka ce ba ka da lafiya," in ji Tanko, "bakinka dai lafiyarsa ƙalau."

Kafin a rufe da ƙasa, Cha'ibu ya ce a ba shi moɗa ɗaya ta ruwa. Hajara ta miƙo daga bayan asabari. Ya durƙusa da ƙyar ya zuba a bakin bututun. Duk suka kasa kunne. Can sai muryar Salamatu ta zo daga bayan katanga.

"Ya iso."

Cha'ibu ya lumshe ido. "To, ku yi daɓenku. Kwana bakwai kada kowa ya taka, a riƙa yayyafa masa ruwa ko da tafin hannu ne."

Hamisu da Tanko ne suka riƙe shi zuwa gida, ƙafafunsa na jan ƙasa.

Bai sake fitowa ba. Kullum da hantsi Hamisu yakan leƙa ya gaishe shi, kullum tambayarsa ɗaya, ko daɓen ya tsage. Hamisu ya ce bai tsage ba. A rana ta shida, yana kan keke yana ɗinkin wata riga, sai ya ji Salamatu ta yi salati, ba da ƙarfi ba, sannan kukan yara ya biyo. Ya ɗauke ƙafa daga kan keken. Shi ya ɗinka likkafanin.

Ƙasar maƙabarta ta yi tauri, sai da aka sa diga. Tanko bai samu jana'iza ba, yana Damagaram.

Daɓen ya bushe, sumul, babu tsaga ko ɗaya. Jamilatu ta fara shiga sabon masai ita kaɗai, ba mai tsaya mata. Amma wurin wanka, Hamisu ya kife kwano a bakin rariyar ya ɗora dutse. Gidan Cha'ibu cike yake da mata masu zaman makoki, tabarminsu har gindin katanga. Ya kasa jure tunanin ruwan sabulu ya ɓullo a gabansu. Ya ce kowa ya ci gaba da wanka a tsohon lungu tukuna.

Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, baƙi daga Kance da Kurni suka koma. Dutsen yana nan. Liman ya shaida, gaskiya ne, amma Hamisu duk sanda ya miƙa hannu zai ɗauke sai ya tuna bakin mutane, ya ce gobe.

A rana ta goma Hajara ta dawo daga gidan da kwanon da ta kai tuwo. Ta tsaya a bakin shagonsa, ba ta shigo ba.

"Salamatu na gaishe ka."

"Ina amsawa. Yaya haƙuri?"

"Da godiya. Ta ce in tambaye ka, wai ko mun daina wanka ne a gidan nan." Ta juya kwanon a hannu. "Ɗaya daga cikin ukun ya fara zubar da ganye."

Hamisu ya tsayar da keke. Ya cire zaren da ke bakinsa ya ajiye, ya tashi. Ya ɗebi rabin bokiti daga randa, ya kira Jamilatu.

"Zo in yi miki wanka."

"Baba, ai Inna ke yi mini."

"Yau ni ne."

Ya ɗauke dutsen, ya ɗauke kwanon. A jikin bango bututun famfo na tsaye, bakinsa toshe da tsumman da Cha'ibu ya yage daga gefen rawaninsa. Hamisu ya zuba wa yarinyar moɗa ɗaya a ka, ta ɗaga kafaɗa tana dariya don sanyi. Ruwan ya bi ƙafafunta, ya taru, ya gangara kusurwa ba tare da an kore shi da tsintsiya ba, ya shige.

"Baba, ƙara."

"Tsaya tukuna."

Ya durƙusa da moɗar a hannu, kunnensa kusa da katanga. Da farko babu komai. Can sai ya ji takun ƙafa a ɗaya gefen, sannan ƙarar ƴar fartanya, a hankali, ana jawo ƙasa ana kewaye gindin itace.