Ma'aunin Ruwa a Ƙarƙashin Mangwaro

A ofishin kula da yanayi ana ce masa Mai Taswira, don aikinsa ke nan: ya tattara alƙaluman ruwan sama daga tashoshi arba'in da biyu, ya gwada kowace da maƙwabtanta, ya fitar da taswirar da manoma ke dubawa kafin shuka. Ƙa'idar ba wuya. Wuraren da ke kusa da juna ruwansu kan yi kama, nisa ne ke raba su.

Tasha ta goma sha bakwai ce ta ƙi bin sahu. Shekara takwas ruwanta na raguwa kaɗan-kaɗan, alhali huɗun da ke kewaye da ita ba su canza ba.

"Cire ta kawai," in ji shugabansa. "Mai aunawar daga kan gado yake rubutawa."

Zuciyarsa ba ta kwanta ba, sai ya hau babur ya tafi ganin ido.

Wata dattijuwa ce ta amsa sallamarsa. Mijinta, tsohon malamin makaranta, shi ke awon ruwan a da. Da ya rasu ta ci gaba. Ta ɗauko littafin awon, ko rana ɗaya ba ta tsallake ba.

"Inna, ina ma'aunin yake?"

Ta kai shi bayan gida. Ga gwangwanin nan a kan ƙarfensa, tsaf, rassan wani mangwaro sun yi masa rumfa.

"Marigayi ya dasa shi," ta ce. "Lokacin ko gwiwata bai kai ba."

Mai Taswira ya yi mata bayani a hankali: bishiyar na girma, ganye na tare ruwan kafin ya kai gwangwani. Ta riƙe haɓa.

"Wato duk shekarun nan ragowar mangwaro nake aunawa?" Ta yi dariya, sai kuma fuskarta ta canza. "Ɗan nan, kada dai ka ce in sare shi."

"Haba Inna. Ma'auni ne zai tashi."

Ya ari fartanya ya tono ƙarfen, ya ƙirga taku talatin zuwa fili, ya kafa shi a can. Da ya koma ofis ya ƙiyasta ruwan shekarun takwas daga na maƙwabta, ya rubuta dalili a gefe.

Da damina ta kankama, ta aiko da alƙaluma daidai da na kowa, haɗe da ƙorafin cewa sabon wurin taɓo ne har idon sawu. Ranar Asabar ya kai mata takalman roba.