Ɗakin Baƙi a Campbelltown

"Ja ɓangarenka mana, Farfesa. Ko shimfiɗa gado ma sai an buɗo maka littafi?"

Cedric ya ja zanen gadon. Alwyn bai iya jan nasa ba. Ya zauna a bakin katifa yana haki, leɓensa ya koma launin toka.

"Wai wa zai kwana a nan?" in ji Cedric. "Zanen da muka cire ko ƙuda bai taɓa sauka a kansa ba."

"Kerryn ta ce wataƙila ƙarshen wata."

"Wane watan?"

Alwyn ya kau da kai yana shafa zanen.

Maƙwabta ne, bango ɗaya ya raba su a wani tsohon bene a Campbelltown, can bakin birnin Sydney. Cedric tsohon ma'aikacin laburare ne, matarsa ta rasu ta bar shi da littattafai da baƙar magana. Shi kuwa Alwyn da furfurarsa ya zo daga Broken Hill, bayan an sallame shi daga haƙar ma'adinai, ya sami aikin gyaran injuna a tashar jiragen ruwa ta Sydney. Abokan aiki suka ce ya kama ɗaki kusa da tasha ya huta. Ya je ya gani: kana kwance a gado za ka miƙa hannu ka kashe murhu. Da wannan kuɗin hayar, can bakin gari ana samun ciki biyu da falo. Sai ya zaɓi nesa. Kullum asubar fari yana cikin jirgin ƙasa, ba ya dawowa sai duhu ya shiga.

"A garinmu ba a sauke naka a otal," ya taɓa gaya wa Cedric. "Abin kunya ne. Gidan da ba ɗakin baƙo ai akurki ne."

"Nan Sydney ce, mutumina. Akurkin ma layi ake yi a kansa."

Kerryn ita ce 'yarsa tilo, tana aure a Perth. Ta taɓa zuwa Sydney taron wurin aikinsu, ta sauka a otal a tsakiyar birni. Ta ce masa, "Baba, wurin naka ya yi nisa, ba ni da lokaci." Shi ya shiga jirgi ya je, suka sha kofi a tsaye kusa da tasha. Cinyar ragon da ya gasa mata, shi da Cedric suka yi kwanaki suna ci. Cedric bai ce uffan ba, wanda a wurinsa babbar sadaka ce.

Ciwon huhu ne ke damun Alwyn, ƙurar ramin ma'adinai ta biyo shi har birni. Likita ya ce ya kwanta a asibiti, ya ƙi. In ta zo, wa zai buɗe mata ƙofa?

"Ka buga mata waya ka faɗi gaskiya," in ji Cedric, yana sa wa matashin kai riga.

"Ba na so ta zo don ina mutuwa. So nake ta zo haka kawai."

"Kai dai komai sai ka zaɓi mai nisa."

Alwyn ya yi dariya, dariyar ta zama tari, tarin ya daɗe.

Wata safiya Cedric ya kawo masa romo, ya same shi a kujerar falo, inda yake kwana tun da kwanciya ta gagare shi. Hannunsa ya riga ya yi sanyi. Tagar ɗakin baƙi a buɗe take, Alwyn ne ya buɗe ta don ɗakin ya sha iska.

Cedric ne ya buga wayar.

Kerryn ta iso da la'asar washegari, tana jan ƙaramar jaka. Hancin uban ne sak. Cedric ya tanadi maganganu masu kaifi tun jiya, ya wasa su sosai.

"Sannu, Baba," ta ce. "Kai ne Cedric? Ban san nisan ya kai haka ba. Kullum yake yin wannan tafiyar?"

"Zuwa da dawowa."

"Ba zan daɗe ba. Na kama otal kusa da filin jirgi."

Ya dube ta. Idanunta sun kumbura. Ya miƙa mata makulli.

"Ɗaki na biyu naki ne."

"Nawa kuma?"

"Saboda ɗakin ne babanki ya zauna a nan. Da ba don shi ba, da yana can bakin ruwa, yana tafiya aiki da ƙafa."

Ya juya ya shiga gidansa, ya kunna rediyo, ya buɗe littafi bai ga ko harafi ɗaya ba. Jirgin birni ya wuce, wani ma ya wuce. Tun da ta shiga, ba a sake buɗe ƙofar maƙwabci ba.

Can sai ya ji ta bayan bango gadon nan ya yi ƙara, irin ta sabon katako da aka ɗora wa nauyi karo na farko. Cedric ya miƙa hannu ya rage rediyo.