Allurar Manaja ta Safe

"Kama fatar ƙeyarsa ki ɗaga sama," in ji Baba Mai Agogo daga kan kujerarsa. "Haba 'yar nan! Ke da kike wuni kina soka allura a yadi?"

"Yadi ba ya zare mini ido, Baba," in ji Mai Ɗinki.

Manaja kuwa, wato muzurun Baba, yana kwance kan tebur tsakanin ƙananan sukudireba da murafun agogo, ko a jikinsa. Shekara biyu ke nan da likitan dabbobi ya ce ciwon suga ne da shi, allurar insulin safe da yamma har iya rayuwarsa. Mai Ɗinki ta runtse ido ɗaya ta soka. Kyanwar ta yi hamma.

Ita fa ba son kyanwa take yi ba, Allah ya sani. Amma ƙofarta na kallon ta Baba shekara goma sha ɗaya. Matarsa ta rasu, ɗansa yana wata ƙasa, ga hawan jini ya fara kayar da shi. Wa zai roƙa in ba ita ba? Ya koya mata komai dalla-dalla. Kwalbar maganin tana zama a ƙofar firji, a murza ta a tafin hannu, kada a girgiza. A tsaga gefen kunne kaɗan, a ɗiga jinin kan tsinken na'urar awo, a duba lamba. Manaja ya ci abinci tukuna, sannan allura. In suga ya faɗi, a shafa masa zuma a dasashi.

"In kuma kina shakkar an yi ko ba a yi ba, bari," ya ce. "Rashin ɗaya ba ya kisa. Biyu a jere ne mugun abu."

"To ta yaya zan sani?"

Ya nuna wani mataccen agogon bango da ke saman firji, ba gilashi, ba batir. In ya yi ta safe sai ya tura hannun kan ɗaya, in ya yi ta yamma ya kai shi kan biyu. Tun da aka fara bai taɓa mantawa ba.

"Duk agogon da ke ɗakin nan na iya yi miki ƙarya, ban da wannan. Ki yi mini alkawari, ko bayan raina, ba za ki bar shi ya wulaƙanta ba."

"Baba, ka daina irin wannan magana mana." Amma ta yi alkawarin.

Bayan sati uku, wata safiya tana shimfiɗa yadi za ta yanka, ta ji tim! daga ɗakinsa. Ta tarar da shi a ƙasa gefen kujera, bakinsa ya karkace. Ta ƙwala wa Direba kira, maƙwabcinsu na bene, suka ciccibe shi zuwa mota. A bakin ƙofa Baba ya damƙe gefen zanenta da hannun da ke motsi.

"Manaja… allura…"

"Zan yi masa, Baba. Wallahi yanzun nan zan yi masa."

Ya yi ta girgiza kai, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. Ta ɗauka zafin ciwo ne.

Da motar ta tashi ta koma ciki, ta ɗaga kai: hannun agogo na kan biyu. Ta zuba abinci, Manaja ya shinshina ya ɗan lasa ya kau da kai. Awon jini kuwa, ina! Da wannan ruɗewar ai sai ta yanke masa kunne. Ta ja maganin daidai layin da aka nuna mata, ta yi masa, ta tura hannun agogo kan ɗaya. Har wani sanyi ta ji a ranta, ta cika alkawari.

Rana ta take tsaka wayarta ta yi ƙara. Direba ne.

"Yaya, sai haƙuri. Baba ya cika. Bai sake magana ba."

Ta zauna daɓas a kan keken ɗinki, ta yi kuka mai isarta. Daga baya ta tsallaka don ta rufe masa tagogi. Sai ga Manaja yana tangaɗi kamar mai maye, ƙafafun baya na zamewa a kan siminti, idanunsa a buɗe amma ba ya ganin ta. Ya faɗi, jikinsa ya hau karkarwa.

Wannan karon ta tsaga kunnen ba wata-wata. Na'urar ta nuna talatin da huɗu. Baba ya ce ƙasa da sittin ma haɗari ne. Ta dangwalo zuma, ta durƙusa tana goga masa a dasashi, tana kiran sunansa. A nan durƙushen ne idonta ya kai ƙarƙashin kujera. Sirinji ne a yashe, ba murfi, an danna shi har ƙarshe.

Wayyo Allah. Ashe Baba ya riga ya yi masa. Ya ba shi abinci, ya yi masa allura, ya miƙe zai tura hannun agogo, ƙafa ta ƙi kai shi. Taku uku ne kacal tsakanin kujerar da firji. Abin da yake ta girgiza kai a kai ke nan, ita kuma tana rantse masa za ta yi abin da yake hana ta. Da wannan tsoron a ransa ya tafi. Baƙin cikin da ta ji bai da misali.

Ta kira likitan dabbobi.

"Ci gaba da zumar, kada ki ɗura masa ruwa," ya ce. "Ki kawo shi yanzu-yanzu."

Ta naɗe shi a tawul ta fito. A bakin layi ta yi kiciɓis da motar Direba tana shigowa a hankali, mutane na biye da ita. Direba ya leƙo.

"Yaya, ina za ki? Ga Baba mun kawo."

Ta tsaya. Ta kalli kujerar baya, ta ga tafin ƙafarsa ya leƙo daga mayafi. Tawul ɗin ya motsa a ƙirjinta.

"Ku shiga da shi," ta ce. "Ku ce masa… ku dai shiga da shi." Ta tare tasi.

Sai da la'asar ta wuce likita ya fito ya ce lambar ta haura ɗari, kyanwar za ta tashi. A lokacin an riga an kai Baba makwancinsa, ba ta nan. Aka bar ta ta shiga. Manaja na kwance cikin keji, an aske masa hannu ɗaya an maƙala robar ƙarin ruwa. Ta zura yatsa ta tsakanin ƙarafunan. Ya ɗago kai da ƙyar, ya fara lasar busasshiyar zumar da ke jikin farcenta.