Baburin Sista Ya Yi Murya

Baburin Sista ba abin da ido zai tsaya a kansa ba ne. Ɗan ƙarami ne, irin mai jikin roba ɗin nan da ake jera ƙafafu a gaba kamar an zauna a kujera. Launinsa tsakanin toka da datti yake, ita kanta mai shi ba za ta iya rantsuwa a kan kalar da ya zo da ita ba. Madubi ɗaya ya tsage an naɗe shi da salatif. Idan ya tashi, ƙararsa ba ta fi ta keken ɗinki ba, kuma irinsa sun cika unguwar, kowane layi ka leƙa sai ka ga an jingine su kamar tumaki a inuwa.

To, abin da ya sa take son sa ke nan. Tun da ta ajiye aikin asibiti gida-gida take bi, kuma ba don mura ko ciwon kai ake kiranta ba. Ana kiranta ne a kan ciwon da sai an rufe ƙofa ake buɗe shi: gyambon da ya ƙi warkewa, tsohon da ya daina riƙe fitsari, matar da aka yi wa aiki ba ta son dangin miji su ji. Sai ta saka baburinta cikin 'yan'uwansa a bakin layi, ta rataya jaka ta shige. Ta gama ta fito, babu wanda ya san ta zo.

Mijinta kuwa, wanda duk unguwa ke kira Sifana saboda ba a taɓa ganin aljihunsa na baya babu ita ba, ya yi ritaya daga gyaran injinan ruwa, kuma tun ranar babu abin da ya sake zama lafiya a gidan. Fanka ya kwance ta, agogon bango ya kwance shi, dutsen guga har yau sai an danne wayarsa da littafi yake yin zafi. Babur kaɗai ta hana shi taɓawa. Da 'yarsu ta haihu a wani gari, Sista za ta je ta yi mata 'yan kwanaki, sai ta kira shi har gaban babur ta nuna da yatsa.

"Baban yara, baƙin mai za ka canza, ka duba fulogi. Shi ke nan. Me na ce?"

"Mai da fulogi. Haba Sista, ni yaro ne?"

"Da yaro ne ai da na tafi hankalina kwance."

Ranar da ta dawo, tun daga ƙofar gida warin fenti ya tare ta. Tana shiga ta tarar da wani abu a tsakar gida, ja wur kamar tumatir, an ja masa zanen harshen wuta ruwan ɗorawa tun daga gaba har wutsiya. Madubai biyu dogaye sun miƙe kamar ƙahon sa. Kujera an yi mata sabuwar riga fara mai ƙyalli. A gefensa ga Sifana tsaye da tsumma a kafaɗa, duk haƙoransa a waje.

"Ina baburina?" in ji Sista.

"Ga shi kuwa! Ba ki gane shi ba ko? Ai na san za a yi haka. Zo ki gani. Na wanke kafireto na buɗe masa hanci, yanzu iska yake sha kamar doki. Bel sabo, birki sabo. Salansa kuwa, tsaya ki ji."

Ya buga kik. Abin da ya fito daga bayan baburin nan, kajin maƙwabta sai da suka haura katanga. Gilashin taga ya ɗauki rawa. Sifana ya murɗa totur sau biyu yana lumshe ido kamar mai cin nama.

Sista ta sa hannu ta zare makulli. Jakar tafiyarta ma ba ta sauke ba.

"Mai da fulogi," ta ce, muryarta can ƙasa.

"Ai na canza su. Su na fara yi."

"Kai wane irin mutum ne? Gemu fari fat, amma hannunka kamar na ɗan yaye, duk abin da ya gani sai ya tona cikinsa! Na ce maka ina neman miji ne da za ka yi mini kwalliya a babur? Kuma madubin nan, tsayin wa ka auna? Ni da zan zauna, sararin sama zan riƙa gani a ciki?"

Ya sosa ƙeya, ya ce wannan ai abu ne na sifana ɗaya.

Ba ta da lokacinsa. Hankalinta na kan Mai Burodi, wanda ciwon suga ya buɗe wa gyambo a ƙafa, sama da idon sawu. Wata da watanni take wanke masa a ɓoye, har nama ya fara tasowa. Kafin ta tafi ta koya wa matarsa yadda za ta riƙa canza bandeji, amma hannun mata daban, idon Sista daban. Kuma duk wanda ya san mutane ya san idan aka ji mai murza fulawa yana da ciwo mai ruwa, ko a tafin ƙafa yake, ba mai sake sayen burodinsa. Ta ɗauki jakar aiki, ta hau jan abin nan tana tsaki, ta fita.

Duk yadda ta lallaɓa totur, baburin bai san lallashi ba. Tela ya bar ɗinki ya leƙo. Mai aski ya fito da almakashi a hannu, wanda ake yi wa askin ma ya biyo shi da rabin kai. Ta ajiye shi cikin babura a bakin layin Mai Burodi kamar yadda ta saba, ya tsaya a tsakiyarsu kamar amarya cikin masu wanke-wanke.

Ƙafar ba ta yi muni ba. Ta wanke, ta yanke mataccen nama, ta naɗe. Tana fitowa ta ga mutane sun kewaye babur, a gabansu kuma ga mai kantin da ke kallon gidan, wadda a bayan idonta ake kira Lasifika. Mace ce da idan ta ji magana da safe, kafin rana ta take ta yi mata hannu da ƙafa ta sake ta cikin gari.

"A'a, ƙawata! Ashe naki ne? Kai, ya yi kyau, Allah ya sa a kashe lafiya." Ta kalli jakar, ta kalli ƙofar da Sista ta fito. "Lafiya dai ko, gidan Mai Burodi?"

"Gaisuwa na shiga."

"Ayyo, gaisuwa. Da safar hannu a aljihu. Allah ya bar zumunci."

Da lokacin wanki na gaba ya yi, Sista ta bar babur a gida ta tako da ƙafa, amma aikin gama ya gama. Matar Mai Burodi ta buɗe ƙofa kaɗan, ta tsaya a bakin ta cika ta.

"Anti, don Allah ki koma."

"In koma ina? Ƙafar fa?"

"Jiya rabin burodin nan dawo mana da shi aka yi. Wai kuturta ce, wai yatsunsa na zuba cikin ƙullu. Wata har tambayata ta yi ko an yanke ƙafar. Shi ya ce kada in sake buɗe miki, ko a ƙafa kika zo, yanzu idon kowa na kan ƙofar nan. Ni zan riƙa wanke masa."

"Ke kin san nama mai rai da matacce? 'Yar nan, ciwon nan idan ya juya ba ya sallama. Burodi za ku ci idan an guntule shi?"

"Da me za mu ci idan ba burodin?" in ji matar, idonta ya kawo ruwa, ta mayar da ƙofa.

Sista ba ta san yadda ta iso gida ba. Ta tarar da Sifana a tsugune yana goge ƙafar babur da tsohon buroshin haƙori.

"Tashi ka mayar mini da tsohuwar salansata. Yanzu."

"To, ai ita ce wannan."

"Ita ce wacce?"

"Mai walda na kai wa, ya tsaga ta ya ciro tarkacen ciki ya mayar ya liƙe. Su ne ke shaƙe shi, Sista."

"Tarkacen suna ina?"

"Masu sayen tsohon ƙarfe sun wuce da su."

Ta ɗauki bokitin ruwan sabulun da yake wanki da shi ta sheƙa wa baburin, rabi ya samu Sifana a ƙirji. "Allah ya isa tsakanina da hannun nan naka! Mutum na can ƙafarsa za ta ruɓe, gidansa za su kwana da yunwa, saboda kai kana son ka ji vuum! Shekara nawa ina shiga gidajen mutane ba a taɓa jin sirrin kowa daga wajena ba, sai da ka ɗaura mini ganga a gindi! Wa zai sake kirana? Ka faɗa mini, wa zai kira motar kashe gobara ta zo duba masa basir?"

Sifana ya tsaya ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ya ce a hankali za a iya samo wata salansa, sai dai irin ta wannan sai an aiko da ita daga nesa. Fentin kuma idan aka kankare yanzu robar za ta yi tabo.

"Ƙafar za ta jira a aiko?"

Ya sunkuya ya ɗauki buroshinsa. Ta zauna a bakin baranda tana huci, tana kallon jan abin nan da ruwa ke gangarowa a jikinsa, ga shi ya ƙara ƙyalli ma don rashin kunya. Can ta ce, "Sarƙar nan da kake ɗaure janareto da ita, tana nan?"

"Tana nan."

"Da kwadonta?"

"Har da makulli biyu."

"Gobe da safe ka hau abinka, tunda dama don kanka ka yi shi. Ka bi ta gaban tela, ka bi ta gaban mai aski, ka murɗa shi yadda ranka ke so. Ka kai shi ƙofar Lasifika, ba bakin layi ba, ƙofarta, ka ɗaure shi da ƙarfen rumfarta. Ka zuba makullan a aljihu ka ɓace. Idan na ji ka kwance shi kafin in ce, kai da shi ku nemi wurin kwana."

Washegari unguwa ta tashi da aradu. Kafin Lasifika ta ɗaura ɗankwali ta fito, babur na ɗaure a rumfarta, Sifana ya yi gaba. Ta ja, ta girgiza, sarƙa ta ce ba da ni ba.

Matar tela ce ta fara zuwa, ta tsaya nesa kaɗan. "Sannu Iya. Ashe jiki ya motsa? Allah ya sawwaƙe."

"Jikin wa? Lafiyata ƙalau!"

"Ai haka ake cewa. Allah dai ya ƙara sauƙi."

Wadda ta zo sayen sukari ta ce a bar shi, ta tuna akwai saura a gida. Wata tsohuwa ta kawo ruwan zafi a fulas, ta tambaya a kunne ko abin na zaune ne ko na tsaye. Kafin rana ta yi tsaka, an ce ƙari ne a ciki, an ce a'a, ƙuraje ne a inda ba a faɗa, wani ma ya rantse ya ga an shiga da ledar ƙarin ruwa. Lasifika ta fito tsakiyar layi, ɗankwali a hannu, ta buɗe muryar nan da Allah ya ba ta.

"Ku ji min mutanen banza! Don an ajiye babur a ƙofar mutum shi ke nan ciwo gare shi? Babur likita ne? Ba a ajiye shi don inuwa? Ba a shiga gida gaisuwa? Ranar nan a layin Mai Burodi ya tsaya, ga mutum can yana aikinsa garau, uban me ya same shi? Munafukai, masu ƙirƙira wa bayin Allah cuta!"

Ta faɗa a gaban tela, ta je ta maimaita a gaban mai aski, ta dawo ta aika a sayo mata burodi biyu, ta zauna a kan benci tana yaga tana ci kowa na gani.

Lokacin Sista na tsaye a lungun baya, jakar aikinta cikin kwandon cefane an rufe da ganyen kabeji. Ta ƙwanƙwasa ƙaramar ƙofa. Matar Mai Burodi ta leƙo, ta saurari ihun da ke tashi daga gaban gida, ta dubi Sista, ta matsa gefe.

Mai Burodi na zaune a ɗaki, ƙafa a kan kujera, ya kasa haɗa ido da ita. Tana kwance bandejin wari ya bugo ta. Gefen ciwon ya yi duhu, naman da ta sha wahala ya taso ya koma baya.

"Ƙafar za ta tafi?" ya tambaya.

"Ban sani ba tukuna. Da ka ƙara kwana biyu da taurin kan nan, da na sani. Idan duhun nan ya matsa ko da faɗin farce ne, asibiti za ka, ko duk garin nan za su yi layi su kalle ka." Ta sa safar hannu ta ja ta da ƙarfi har ta yi ƙara. "Ke, kawo ruwan ɗumi, ki riƙe masa gwiwa. Kai kuma ciji wani abu, yau ba ni da hannu mai taushi."