Makullin Mai Gadin Hasumiya

Tun da aka kawo Malam Ɗalhatu birnin Dubai neman magani, bai kira 'yarsa da sunanta ba. "Baiwar Allah" yake ce mata, cikin ladabin baƙo a gidan mutane. In ta miƙa masa shayi sai ya yi godiya, har da sa wa iyayenta albarka. Sa'adiyya takan amsa da amin, ta shige kicin ta share hawaye. Likitoci sun gama nasu, sun ce mantuwar ba mai juyawa ba ce. Gobe yayanta Abdulganiyyu zai mayar da shi Kano, ita kuwa aikinta na kantin magani a unguwar Abu Hail ba zai sake ta ba sai baɗi. Abu ɗaya take roƙo, ya gane ta kafin ya tafi.

Ba abin da ba ta gwada ba. Ta yi masa dambun da yake so, ya cinye ya ce a gaida matar gidan. Sun kai shi madatsar ruwan Hatta, ya daɗe yana kallon koren ruwan nan tsakanin duwatsu, sannan ya ce lallai Tiga ta canja.

Bayan la'asar, rana ta yi laushi a jikin labule, jirage na saukowa ƙasa-ƙasa ta saman unguwar, sai ta tuna da wasan tsibirin nan na yarintarta. Tana firamare, uban yana da shagon buga takardu a Kano, wani ya manta faifan wasa a kwamfutarsa. In ciniki ya lafa sai ya ɗora ta a cinya, su bi wani matafiyi mai jar hula cikin tsibiri mai shuɗin teku, yana fassara mata Turancin, yana ƙara nasa gishirin. Malam gwani ne. Shi ya gano a ajiye wa karen da ke tare hanyar gada madubi, ya shagala da yi wa kansa haushi, su kuwa su wuce abinsu. Amma a hasumiyar fitila suka cije. Ƙofa a kulle, tsoho mai gadi yana sharar barci, makulli rataye a wuyansa. Nan suka tsaya har kwamfutar ta mutu.

Ta lalubo wasan a intanet, har da bayanin kowace mafita, ta zauna kusa da uban.

"Khalas mana, ya isa haka," in ji Abdulganiyyu, yana danne akwati da gwiwa. "Mutumin da bai san garin da yake ba, shi za ki kunna wa gem? Ki bar shi ya huta."

Ko kallonsa ba ta yi ba. Kiɗan wasan ya tashi, siriri kamar na mai tallan askirim. Sanyin na'ura ya haɗu da motsin tekun, ɗakin ya zama kamar yana lilo a kan ruwa, har ta ji ƙamshin takarda mai zafi da hayaƙin janareto. Malam yana kallon allon, idanunsa a buɗe amma ba kowa a ciki. Ta wuce karen da madubi, Malam bai motsa ba. Zuciyarta ta karye.

A bakin hasumiya ta karanta mafitar. Wai a ɗaura maganaɗisu a sandar fatsa, a zura ta taga, a zaro makullin daga wuyan mai barci. Shi ke nan? Sandar da maganaɗisun ai suna jakar matafiyin tun wancan zamani! Ta ɗaura, ta zura, makullin ya fara tasowa a hankali.

Sai hannun uban ya damƙe mata wuyan hannu, da ƙarfin da ba ta san ya rage masa ba.

"Ke Sa'ade! Mayar masa da abinsa." Muryar Malam ce sak, ta shagon nan. "Mutum na barci ki zare masa makulli? Haka na koya miki? Mu jira ya tashi, mu yi masa sallama."

Abdulganiyyu ya saki akwatin. Ita kuwa sai yanzu ta fahimta, ashe Baba bai taɓa cijewa ba, ya san mafitar sarai, ƙi ya yi. Daɗi da kuka suka taso mata lokaci guda, ta rasa wanda za ta fara.

"To Baba," ta ce, ta janye sandar. "Mu jira."

Ta kwantar da kai a kafaɗarsa, bai saki hannunta ba. Ta san tsoho mai gadin nan ba zai taɓa farkawa ba, haka aka gina shi, kuma ta gode wa Allah da hakan.