Ruwan da Waya Ta Ce Za a Yi

Ina tsakiyar matakala da katifar Baba Mai Ƙwai a kaina sai wayata ta yi ƙara. Na jingina katifar da bango na ɗauka. 'Yarsa ce, wadda ke aikin jinya a wani gari mai nisa. Yaya nake ce mata.

"Tela, ina za ka kai min tsoho?"

"Ɗakina na ƙasa, Yaya. Na sama ya zama tanda."

"Ka duba waya kuwa? Ruwa za a yi da yamma, mai ƙarfi, kashi tamanin cikin ɗari. Ba ɗakin naka ne ke cika har gwiwa ba?"

Da gaskiyarta. Ɗakina ya fi titi gangare, in aka yi ruwa kwata ce ke fara yi min sallama. Baba kuwa ƙafafunsa sun daina ɗaukarsa, sai mutum biyu sun kama shi yake saukowa.

"Zafin ma talatin da huɗu ne kawai," in ji ta. "Ka bar shi sama yau. Gobe gari ya yi sanyi."

Ni karatuna bai yi nisa ba. In wanda ya yi karatu ya kira min lamba, sai bakina ya mutu. Na sake ɗora katifar a kai, na koma sama.

Baba yana zaune a kujerarsa, tawul a wuya. Shekara talatin ya yi yana ƙyanƙyashe kaji da akwati da fitila, daga nan sunan ya bi shi. Kajin sun ƙare, akwatin ya ruɓe, saura ma'aunin zafinsa kaɗai, ɗan gilashi mai jan layi, da ya rataye a ƙusa saman gadonsa.

"Har mun je mun dawo?" ya ce.

"Yaya ta ce ruwa za a yi."

"Ita da wa?"

"Ita da waya."

Ya yi 'yar dariya, ta koma tari. "Nawa wayar ta ce zafin?"

"Talatin da huɗu."

"Duba min nawa."

Na matsa kusa da bango. Sama da kaina kwanon rufin yana ta ƙas-ƙas kamar ana taka shi. "Arba'in da uku, Baba."

"To ka gani. Nasu ma'aunin yana filin jirgin sama, cikin farin akwati, kan ciyawa, iska na yi masa fifita. Ɗan gata ne. Su zo su kwana ƙarƙashin kwanon nan, mu ji me zai ce." Ya goge fuska. "Ƙwai, a talatin da takwas yake zama ɗan tsako. In ya wuce arba'in, a cikin ɓawo yake mutuwa, kai kana ta jira. Da ni ƙwai ne da tuni an ɓare ni an sa gishiri."

"To in kira wani mu sauko da kai?"

Ya daɗe yana kallon ƙofa. "Bari. Ka ji maganar yayarka, kada ta ce mun raina karatunta. In ruwan ya zo ai ni ke da riba."

Babu wuta tun safe, fankar tana tsaye. Na jiƙa masa tawul, na ajiye bokiti da kofi inda hannunsa zai kai, na sa sandarsa gefen gado. Ɗakinsa a kan nawa yake, in yana nemana sau uku yake buga ƙasa da ita.

Wajen ƙarfe uku hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin. Har ƙamshin ƙasa iska ta kawo. Na ce lallai waya ta san aikinta. Na shiga kwashe kayan mutane daga ƙasa, na ɗora keken ɗinki a kan tebur, na jera buhunan yashi a bakin ƙofa. Iska tana kaɗa kwanukan unguwa. Cikin wannan hayaniyar na ji kamar bugu daga sama, sau ɗaya. Na tsaya da buhu a hannu ina jiran na biyu. Bai zo ba. Na ce kwano ne.

Da na gama na ciro wayar. Hoton ɗigon ruwa na ta sauka a fuskarta, ta rubuta ana ruwa yanzu. Na leƙa titi: a bushe. Hadarin ya karkata can, ya bar mana rana kamar an ƙara mata itace.

Na hau sama. Baba yana kwance ta gefe, hannu ɗaya ya sauko daga gado, sandar na ƙasa. Tawul ɗin ya bushe ƙamas. Na kira shi sau biyu, a hankali, kamar mai gudun tashinsa. Kafin in fita kiran mutane idona ya kai bango. Arba'in da biyar.

Washegari Yaya ta iso. Bayan masu ta'aziyya sun ragu ta same ni a matakala, ta zauna ƙasa da ni da taki ɗaya.

"Hanyar filin jirgi duk ruwa ne, Tela. Har yanzu motoci na ratsawa. Wayar ba ta yi ƙarya ba."

"An yi ruwan, Yaya. Ba a nan ba ne."

Ta juya wayar a hannu. "Nasa fa? Na bangon. Nawa ya nuna?"

"Ban duba ba," na ce.

Ta kalle ni, ba ta sake tambaya ba. Da za ta tafi ta kwashe kayansa, ta bar ma'aunin a ƙusarsa.

Tun ranar, in ina ɗinki, nakan ɗaga ƙafa daga keke in saurara. Ba na jin komai. Amma sai na ƙirga har uku kafin in ci gaba.

Kwana huɗu bayan nan ruwan ya zo, da rana tsaka, wayata tana nuna hoton rana ba gajimare ko ɗaya. Kwata ta shigo ɗakina, na bar mata shi na hau sama. Babu gado, babu kujera, sai sawun ƙafafun gadon a siminti. Na zauna inda yake kwanciya, ruwa na dukan kwano, ina kallon jan layin yana saukowa a hankali. Da ya kai talatin da takwas ya ɗan tsaya.